Gigin Tsufa, Gubar Dalma Da Maganin Naira Miliyan 40

Da ma na shirya yin magana a kan wani batu daban a wannan mako, sai wata 'yar tafiya da na yi zuwa gida ta karkatar da alƙalamin.

Na je Bakura gaishe da kawuna, yayan mahaifiyata, dattijon da ya ba shekara tamanin baya. Na iske shi a zaure bisa buzunsa, da carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da irin fara'ar da ake yi wa baƙon da ba a sani ba, sa'an nan ya ƙura mini ido ya ce, "Yaro, kai ɗan wa na?" Wannan shi ne mutumin da ya goya ni a bayan kekensa ya kai ni aji ɗaya na firamare. Na faɗa masa sunan ƙanwarsa. Nan take fuskarsa ta washe, ya ce in gaishe ta, ya kuma tambaye ni ko ta sauka lafiya. Cikin da yake tambaya a kansa ni ne, yau shekara arba'in da 'yan kai.

Daga nan ya ɓalle da labarin Bakolori. Ya lissafo gonakin da aikin madatsar ya ci, da yadda Turawan Italiya na kamfanin Impresit suka baje ƙasa da manyan motoci, da rigimar diyya, har zuwa watan Afrilun 1980 da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Amma kafin in tashi sai da ya kawo mini ƙarar Inna, matarsa ta sama da shekara hamsin, wai tun safe ba ta ba shi komai ba, alhali ƙwaryar furar da ya shanye tana nan gefensa. An ce mini sau uku ke nan ana tsintar sa da magariba a kan hanyar wata gona da ya daina noma tun ina sakandare. Duk wanda ya san halin da hanyoyin dajin Bakura da Maradun suke ciki a 'yan shekarun nan, ya san abin da ake ji a zuci idan aka nemi tsoho da magariba aka rasa.

Da zan fito, babban ɗansa, taubashina, ya ja ni gefe ya miƙo mini waya. Wani bidiyo ne da ke yawo a WhatsApp. Ya ce, "Dakta, kai da ka ƙure boko, ga shi an ce Amurka ta gano maganin mantuwa. Nawa na? In gona za a sai da, a sai da." Na ce masa ni daktan alli ne, ba na allura ba, ilimin sinadaran jikin halitta nake koyarwa. Ya ce shi duk ɗaya ne a wurinsa. Na ba shi amsa a tsaitsaye, kuma har na iso gida ban gamsu da ita ba. Ga doguwar amsar.

Abin da muke kira gigin tsufa, ba tsufan ne kansa ba. Kowa ya san tsoho mai shekara casa'in da ke raba gardamar iyakar gona daga ka. Gigin ciwo ne, ko in ce taron cututtuka ne, kuma wadda ta fi yawa a cikinsu ita ce ake kira da sunan wani likitan Jamus, Alois Alzaima. A 1901 aka kawo masa wata mata mai shekara 51, Auguste Deter, a wani asibitin birnin Farankfut, ta rikice ba ta iya riƙe sabon abu a ka. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta a madubin likita, ya ga abu biyu: wasu curarruka a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da wasu zaruruwa da suka cukurkuɗe a cikin ƙwayoyin kansu. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka ware sinadarin da ke yin curin, wanda ake kira amiloyid-beta. Zaruruwan kuwa na wani furotin ne mai suna tau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu gigin tsufa sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke.

A ɗauki furotin kamar carbi. Duwatsu iri ashirin ake jerawa, kuma tsarin jerin ne ke bambanta wannan furotin da wancan. A bangon ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wani dogon carbi mai duwatsu wajen ɗari bakwai. Wasu almakasai biyu, beta-sikiritas da gama-sikiritas, sukan yanko guntu daga jikinsa mai duwatsu 40 ko 42. Wannan guntun shi ne amiloyid-beta. Ni da kai muna yin sa kullum, ƙwaƙwalwa kuma tana wanke shi, musamman a cikin barci. Mai duwatsu 42 ya fi danƙo. Idan yankawa ta fi wankewa, sai guntaye su fara manne wa juna, biyu, goma, ɗari, har su zama curi, kuma wannan taruwa takan fara kimanin shekara ashirin kafin mutum ya fara manta sunan jikansa.

Hujjar da ke tuhumar amiloyid tana da nauyi. Ƙwayar gadon da ke ƙera dogon carbin tana kan kuromosom na 21, kuma masu larurar Down, waɗanda aka haifa da uku maimakon biyu, kusan dukkansu suna da curin tun suna shekara arba'in. Akwai zuri'o'in da canji ƙwaya ɗaya a carbin ko a almakashin ke jefa su gigi tun kafin hamsin. A 2012 kuma aka gano akasin haka a tsibirin Aisilan: mutanen da wani canjin gado ya rage musu yankan da kimanin kashi 40, kuma cutar ba ta cika kama su ba. To amma ga inda gizo ke saƙar. Cikin tsofaffi masu cikakken hankali, wajen ɗaya cikin uku ko huɗu suna ɗauke da curin a ka. Wannan ya sa masana da yawa suka karkata ga cewa babban curin kamar juji ne, ɓarnar kuwa ƙananan dunƙulen da ke yawo a narke ne ke yin ta. Tambaya ta koma: idan suna yawo, a jikin me suke kamawa?

Bangon kowace ƙwaya cike yake da wasu furotin da ke zaune a bakin ƙofa kamar kwaɗo, kowanne na jiran mabuɗinsa. Zan kira su makarɓai. Idan mabuɗi ya shiga, saƙo ya wuce cikin ƙwaya. Mai cin goro ya san aikinsu ko da bai san sunansu ba: sinadarin da ke cikin goro yana zama ne a kwaɗon da saƙon gajiya ya kamata ya shiga, ya toshe shi, sai barci ya gudu. Tiramadol da kodin da suka addabi matasanmu nasu kwaɗon suke buɗewa. Kimanin ɗaya cikin uku na magungunan da aka amince da su a duniya, dangi ɗaya na makarɓai suke nufa. Shi ya sa masu haɗa magani suke son kwaɗo: ƙaramin ƙwayar magani da za a haɗiya da ruwa ya isa ya toshe shi. Da za a gano kwaɗo ɗaya tak da amiloyid ke bi ya yi ɓarna, da an samu magani mai araha wanda za a iya sayarwa a kemis ɗin Talatar Mafara.

An nema, kuma an samu, har abin ya yi yawa. A 1996 masu bincike a Jami'ar Kolombiya ta birnin Niyok suka nuna amiloyid na kama wani makarɓi mai suna RAGE, wanda daga baya aka ga yana shigo da shi daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, yana kuma hura wutar kumburi. A 2000 aka nuna yana kama ɗaya daga cikin makarɓan da nikotin ɗin taba ke kamawa, waɗanda asalinsu na wani ɗan aike ne mai suna asetilkolin. Kada mashaya su yi murna, taba tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin gigin. A 2009 Stephen Strittmatter da abokan aikinsa a Jami'ar Yel suka fito da wanda ya fi ba ni sha'awa: ƙananan dunƙulen suna kama furotin firiyon, wato lafiyayyen tagwain furotin nan da ke lanƙwashewa ya haddasa ciwon haukan shanu da ya girgiza Birtaniya. Sun bi sawun saƙon mataki-mataki. Firiyon ya taɓa wani makarɓin glutamet, shi kuma ya tada wani furotin a cikin ƙwaya mai suna Fin, Fin kuma ya je ya hargitsa tau da wata muhimmiyar ƙofa mai suna NMDA. A 2013 ɗakin binciken Carla Shatz a Jami'ar Sitanfod ya ƙara wani, LilrB2, wanda idan an taɓa shi sai mahaɗar ƙwayoyi ta fara yanƙwanewa. A shekarar kuma aka wallafa cewa canji a makarɓin TREM2, wanda masu sharar ƙwaƙwalwa ke amfani da shi su gane datti, yana ninka haɗarin cutar wajen sau uku.

Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan ƙofar NMDA, don za mu dawo kanta. Ita ce ƙofar koyo. Idan ƙwayoyi biyu suka yi magana da juna da ƙarfi, sai ta buɗe, kalsiyam ya shiga, mahaɗarsu ta ƙara ƙarfi. Haddar almajiri da sanin hanyar gona duk ta nan suke zama. Idan ƙofar ta ƙi buɗuwa babu koyo, idan kuma ta zauna a buɗe kalsiyam ya yi ambaliya ya kashe ƙwayar.

Makarɓan da aka ce amiloyid na kamawa sun haura goma. Ra'ayina a nan, kuma na sha faɗa wa ɗalibaina, shi ne mabuɗin da ya shiga kowane kwaɗo ya kamata a fara tuhumar cewa ƙaro ne kawai. Dunƙulen amiloyid abu ne mai danƙo, siffarsa tana sauyawa daga wannan ɗakin bincike zuwa wancan, kuma mafi yawan hujjojin daga ɓerayen da aka sauya wa gado suke, ɓera kuwa shekara biyu yake yi a duniya. Wasu ɗakunan sun maimaita gwajin firiyon sun samu, wasu ba su samu ba. Har maguɗi ya shiga: wata shahararriyar maƙala da mujallar Nature ta buga a 2006 daga Jami'ar Minesota, kan wani dunƙule na musamman, an janye ta a 2024 bayan an gano an taɓa hotunanta. Wannan bai rushe ginin ba, don hujjar gado tana nan daram, amma ya isa ya sa mai hankali ya rage sauri.

Masu haɗa magani sun yi kwanton ɓauna a wuri uku: wurin almakashi, wurin kwaɗo, da kan amiloyid ɗin kansa. Na almakashi ya ƙare da kunya. Kamfanin Eli Lilly ya dakatar da gwajin maganinsa mai toshe gama-sikiritas a 2010, saboda masu shan sa sun fi lalacewa, ga ciwon dajin fata, don ashe almakashin yana da wasu ɗinkunan da jiki ba ya iya rayuwa babu su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na kamfanin Merck mai toshe beta-sikiritas ya rage amiloyid sosai, amma aka tsayar da gwaje-gwajensa a 2017 da 2018 ba tare da amfani ba. Na kwaɗo ma haka. Mai toshe RAGE ya faɗi a babban gwaji a 2018. Sarakatinib, maganin daji da aka aro don ya danne Fin, ya dawo wa ɓeraye da tunani, amma a mutane 159 bai nuna komai ba a sakamakon da aka buga a 2019. Wanda aka ƙera don ya zaburar da TREM2 ya faɗi a ƙarshen 2024. Magungunan da suka rage a kanta tsofaffi ne: donefezil na 1996, mai hana a rushe asetilkolin, da memantin na 2002, wanda ke tsayawa a ƙofar NMDA ya rage ambaliyar. Suna ɗan farfaɗo da mutum na wani lokaci, ba sa tsayar da ciwon.

Saura na uku, kuma shi ne bidiyon taubashina ke nufi. Waɗannan sojojin garkuwar jiki ne da aka ƙera a masana'anta, su kama amiloyid su nuna wa masu shara. Na farko, Aduhelm, ya samu izini a Amurka a 2021 cikin cece-kuce, kamfaninsa kuma ya watsar da shi a 2024. Na biyu, lekanemab da ake sayarwa da sunan Leqembi, asalinsa binciken Lars Lannfelt ne a kan wata zuri'a a arewacin Suwidin, kuma dunƙulen da ke narke ya fi kamawa. An gwada shi a mutum 1,795 na wata 18. Ya share curin ƙwarai, ya kuma rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100. A ma'aunin likitoci mai maki 18, ratar da ke tsakanin waɗanda suka samu maganin da waɗanda aka ba ruwa zalla ba ta kai rabin maki ba. Babu wanda ya warke, babu ma wanda ya tsaya cak. Gangarowar ce ta ɗan yi sauƙi. Na uku, Kisunla, ya biyo baya a Yulin 2024 da sakamako makamancin haka. A matsayin ilimi wannan nasara ce, don ita ce hujjar farko a jikin mutum cewa taɓa amiloyid na taɓa ciwon. A matsayin magani kuwa, ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Ga sharuɗɗan. Sai mai ciwon yana matakin farko-farko. Wanda ya kai inda Kawu yake, ihu ne bayan hari. Sai an tabbatar da amiloyid ta na'urar PET ko ta ɗiban ruwan laka, ko da yake a Mayun 2025 Amurka ta amince da gwajin jini na farko. A gwajin, an riƙa ɗura Leqembi ta jijiya duk mako biyu. Kimanin mutum 13 cikin 100 sun samu kumburin ƙwaƙwalwa, wasu kuma ɗigon jini, an kuma samu mace-mace, don haka dole a riƙa shiga na'urar MRI a kai a kai. Farashin da aka sa masa a Amurka dala 26,500 ne a shekara, ban da hoto da gado da likita. Ko an lissafa dala a Naira 1,500, kuɗin ya tasam ma miliyan 40, wato albashin shekara 47 na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000. Ko a Ingila, hukumar da ke tantance magungunan da gwamnati za ta biya ta ce amfanin bai kai kuɗin ba. Saboda haka duk wanda ya tallata muku maganin mantuwa na Amurka a kwalba ta waya, ku riƙe gonarku.

Akwai abin da ya fi farashin damuna, shi ne da jinin wa aka yi awon. Baƙaƙen fata a gwajin lekanemab ba su kai uku cikin 100 ba. Wannan ba ƙorafin siyasa ba ne, don Najeriya da kanta ta koya wa duniya cewa jinsi da muhalli suna sauya lissafin. A 1992 marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiyana suka fara bin tsofaffin unguwar Idikan a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis da ma'auni iri ɗaya. Sakamakon 2001 ya nuna a kowace shekara gigi na kama kashi 1.35 na Yarabawan, da kashi 3.24 na 'yan uwansu na Amurka. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙwayar gadon APOE4, wadda ita ce babbar mai jawo cutar a tsakanin Turawa. Tana da yawa a Ibadan, amma tasirinta ya yi rauni ƙwarai. Ita dai wannan APOE4 ita ce ke ninka haɗarin kumburin ƙwaƙwalwa ga masu karɓar sabon maganin. Yaya za ta yi a jikin Bazamfare? Babu wanda ya auna. A Arewa abin da muke tinƙaho da shi ƙaramin bincike ne da likitocin Zariya suka buga a 2011, wanda ya samu kusan kashi uku cikin 100 na tsofaffin da aka duba da gigin. Ibadan ta yi shekara ashirin tana bin tsofaffinta, har yau kuma Farfesa Rufus Akinyemi yana jagorantar gamayyar masu binciken gigin tsufa na Afirka daga can. Mu ba mu da rajista ko ta gunduma ɗaya.

Alhali Zamfara tana riƙe da wata tambaya da babu inda ya kai ta cancantar amsawa. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yar Galma da Abare, daga baya Bagega. Duwatsun zinare masu ɗauke da dalma ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. Yara sama da 400 suka rasu. A ƙauyuka biyu da aka fara aunawa, kashi 97 na yaran da aka ɗebi jininsu sun kai ko sun haura maikurogiram 45 a kowace desilita, matakin da ake fara ba da maganin fitar da guba. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa, an yi wa dubban yara magani, MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022, duniya ta juya baya.

Me ya haɗa dalma da gigin tsufa? Ƙofar NMDA da na ce a riƙe. Dalma tana shigar burtu, jiki ya ɗauke ta a matsayin kalsiyam ko zinki, kuma ɗaya daga cikin wuraren da take toshewa ita ce wannan ƙofa ta koyo. Shi ya sa yaron da ya sha ta yake shan wuyar karatu. Amma akwai na gaba. Nasser Zawia da abokan aikinsa a Jami'ar Rod Ailan sun duba ƙwaƙwalen wasu birai da aka ba dalma tun daga haihuwa zuwa kwana 400, aka daina, aka bar su suka tsufa har shekara 23. A rahotonsu na 2008, waɗannan birai sun fi sauran ƙera dogon carbin nan da almakashin beta, kuma sun fi tara amiloyid, alhali dalmar ta daɗe da barin jininsu. Kamar dai gubar ta murɗa wani makunni a ƙuruciya, wutar ba ta kama ba sai da tsufa. Dalmar jinin biran tsakanin 19 da 26 take. Ta yaran Anka ta ninka haka.

Dole in taka a hankali a nan. Birai kaɗan ne, kuma biri ba mutum ba ne. Ban ce yaran Bagega za su yi gigi ba, kuma haramun ne wani ya ɗauki wannan rubutu ya hana ɗiyarsa auren saurayin da ya fito daga can. Abin da nake cewa shi ne tambayar tana da tushe, kuma waɗanda jikinsu ke ɗauke da amsar 'yan shekara goma sha biyar zuwa ashirin ne a 2025, za su cika sittin a wajajen 2070. An san sunayensu, an auna jininsu tun suna goye. Irin wannan kundi shi ne abin da manyan jami'o'in duniya ke kashe dukiya su samu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Jami'ar Jihar Zamfara da ke nan Talatar Mafara, suna iya haɗa kai su nemi kuɗin TETFund su bi waɗannan matasa duk shekara biyu ko uku, da yardarsu da ta iyayensu: awon jini, hawan jini, ƙoda, ji, karatu, tunani. Amfanin farko nasu ne, don dalma tana jawo hawan jini da ciwon ƙoda tun kafin a kai ga maganar tsufa. Ga shi kuma Gwamnatin Tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a jihar a Disambar 2024 bayan shekara biyar, kuma har a ƙasar Maradun ana haƙar zinare. Duk turmin da aka daka dutse a cikinsa a tsakar gida, sabon suna ne a rajistar.

Abin da na gaya wa taubashina da na kira shi daga baya ya fi wannan sauƙi. Da farko a kai Kawu likita ya duba, don ba kowace ruɗewa ce Alzaima ba. Ƙarancin bitamin B12, ciwon maƙoƙo, ciwon damuwa, kurumta, jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa, ciwon fitsari, har tarin magunguna barkatai, duk suna rikita tsoho, kuma da yawansu suna warkewa. Idan likita ya ga dacewar donefezil ko memantin, ana samun su a ƙasar nan. Kada a ɗaure shi, kada a yi masa gardama idan ya nemi wanda ya rasu, kuma kada a riƙa sauya masa ɗaki, don sabon wuri na ƙara gigin. Wannan na cikin azabar da gudun hijira ke yi wa tsofaffinmu ba a lissafawa. A ɗinka sunansa da lambar waya a aljihun rigarsa. A kuma samo wanda zai riƙa karɓar Inna, don mai jinyar gigi yakan riga majinyacin faɗuwa. Kawu ya yi sa'a namiji ne mai 'ya'ya. Tsohuwar da ba ta da gata, idan ta fara sambatu da yawon dare, mun san sunan da ake laƙaba mata a wasu garuruwan.

Sai maganar da ta fi duk waɗancan kwaɗuna hujja. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kusan kashi 45 na gigin tsufa yana da nasaba da abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da rashin karatu a ƙuruciya, kurumta, ciwon suga, taba, hayaƙi, raunin kai, da hawan jini. A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji a ƙauyuka 326 na ƙasar Sin, da mutum kusan 34,000 masu hawan jini. Ba ƙwararrun likitoci aka tura ba, ma'aikatan lafiyar ƙauye aka horar, aka ba su na'urar awo da magunguna masu araha ko kyauta. Cikin shekara huɗu gigin ya ragu da kashi 15 a ƙauyukan da aka yi aikin. Babu abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na gunduma a Bakura ko Maradun, in har ma'aikacin na iya kwana a wurin aikinsa.

Na koma Bakura ranar Asabar da 'yar na'urar awon hawan jini da na saya. Kawu ya miƙo hannu ba musu, yana tambayar Inna ko an ba baƙo ruwa. Nasa ya nuna 150 bisa 85. Na ce taubashina ya zauna shi ma, ya ce lafiyarsa lau, shi da ke noma kadada uku. Shekararsa 53. Na'ura ta nuna 182 bisa 110. Ya ce injin ne ya lalace, irin na 'yan boko. Muka huta, muka sake awo sau biyu, lambar ba ta sauka ba. Ranar Litinin su biyu za a kai asibiti.